Shekarar da Muka Shafa wa Rijiyoyi Fenti

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara. Masu lissafin wata sun ce sai an yi shekara talatin da 'yan kai yake zagayowa haka, amma jikina ya riga su faɗa mini. Ranar uku ga wata ina zaune ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida bayan azahar, iska ta taso daga wajen Dutsen Zuma kamar an buɗe bakin murhu, sai na gane zafin. Na taɓa yin azumi a cikinsa ina da ƙarfina, ina sanye da kakin duba-gari.

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Jikata ta tambaye ni ko wani irin ɗan sanda ne. A zamaninmu in aka hango mu a bakin lungu, mata sukan ruga su zubar da ruwan da ya kwana a tukunya, a share tsakar gida, a rufe bakin masai. Yau ma'aikacin lafiya zai zo da waya a hannu, ya ɗauki hoton kwata ya wuce, ba wanda zai miƙe daga tabarma. Garin ma ba shi ba ne. Garin Madalla da ke maƙwabtaka da mu, da yanzu mutum kan shafe awa guda cikin cunkoso bai fita ba, a lokacin 'yan rumfuna ne a bakin titi da masu sayar da doya. Sai dai a shekarun ne Suleja ta fara kumbura. Ana ginin Abuja, duk wanda ya sami aiki a can a nan yake kwana. Leburori, magina, malaman makaranta, ƙananan ma'aikata, daga Kano da Zariya, daga Filato da Binuwai. Duk mai lambu a bayan gida ya sare shi ya jera ɗakunan haya.

Mu kuwa masu duba garin mu huɗu ne. Shugabanmu Mista Bitrus, dogon mutum mai sanyin magana, ya iya Hausa har da ba'a. Wata safiya kafin azumi ya tara mu, ya ajiye wata takarda da ta zo daga sama, da gwangwanin fenti uku.

Ya ce, "Ko mu arba'in ne ba za mu zagaye rijiyoyin garin nan kowane wata ba. To manya sun ce ba duka ne hatsarinsu ɗaya ba. Inda hatsari ya fi yawa, nan za mu zuba ido. Inda babu, mu ƙyale mutane su huta, mu ma mu huta."

Tsarin mai sauƙi ne. Kowane gida fom ɗaya. Ka shiga, ka auna daga bakin rijiya zuwa masai da takunka. In ya kai taku talatin, ka shafa kore a bakin rijiyar da jikin ƙofar gida, ba za a sake zuwa ba sai baɗi. In ya ɗan gaza, ruwan ɗorawa, a riƙa zuwa duk wata ana zuba magani. In kusa yake sosai, ja, a rufe da katako a sa kwaɗo. Takardar ta ce unguwar da aka rufe wa rijiyoyi za a riƙa kai mata ruwa a tanka.

Ba na son mai karatu ya ɗauka wauta ce. Bayan na bar aikin gwamnati na yi shekaru ina bin masu haƙar rijiyoyi a Nijar da Kamaru da arewacin Gana, ina yi musu tafinta, kuma duk inda na je na tarar da dabarar nan, ko ba da fenti ba. Ma'aikata kaɗan, jama'a da yawa, dole a zaɓi inda za a duba. Ranar da Mista Bitrus ya karanta mana takardar, ni ne na fara cewa an yi tunani.

Unguwarmu ta wajen Magajiya ta faɗo a rabona, har da gidan da na tashi. Gidan Goggo ke nan, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina shekara biyar. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kirana Sale ba, sai Babana. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gidan da rijiyar da ya haƙa da hannunsa, mai zurfi, mai ruwan daɗi, wadda ba a taɓa jin ta ƙafe ba.

Na yi sallama da fom a hannu da gwangwanaye a jaka.

"Yau kuma gidan ubanka za ka duba, Babana?"

"Aiki ne, Goggo."

"To duba. In ka ga ƙazanta ka share, tsintsiya na nan inda ka san ta."

Na tsaya a bakin rijiya na fara taku zuwa masai, wanda ke can ƙarshen gidan ta yamma. Tana biye da ni tana ƙirgawa da ƙarfi.

"Ka daina buɗe ƙafa kamar raƙumi, kada ka rage mini."

Taku arba'in da ɗaya. Na buɗe kore na shafa.

"Wannan kuma fa?"

"Shaida ce cewa ruwanki lafiya lau."

"Ikon Allah. Shekara talatin muna sha, sai yau gwamnati ta sani."

Haka ta ce, amma da yamma na ga ta fito da kujera tana nuna wa maƙwabta alamar da ke jikin ƙofa.

A unguwar tamu gidajen a matse suke, rijiyoyi da yawa ja suka samu. Na rufe su da hannuna, masu gida na tsaye suna kallona, wasu sun san ni tun ina yawo ba wando. Famfon bakin titi ya daɗe da daina kawo ruwa. Tankar da aka yi alkawari ta zo sau biyu a makon farko, aka yi ta faɗa a kanta, daga nan ba mu ƙara ganinta ba. An ce ta lalace, an ce an juya ta wata unguwa. Sai ga watan azumi ya tsaya.

Zafin shekarar ba na wasa ba ne. Tun hantsi sama take yin fari fat. Kwanon rufi yana ƙara kamar ana taka shi. Kwaltar titi ta yi laushi har takalmi na kamawa. Akuyoyi su lafe a gindin katanga suna haki, kaji su buɗe baki. Ƙanƙara kuwa sai wanda ya san wani mai firji a kwatas ɗin ma'aikata. Da azahar mutum kan jiƙa zane ya lulluɓa, kafin ya juya ya bushe. Rafi ya koma 'yan kududdufai masu kore a sama.

A wurinmu ba a hana ruwa, balle da azumi. Goggo ba ta jira an roƙe ta ba. Ta sa aka cire ƙyauren zaure aka jingine shi, ta aika gida-gida cewa duk mai bukata ya zo, ga rijiyar da gwamnati ta ce lafiyarta lau. Cikin kwana biyu unguwa gaba ɗaya ta koma tsakar gidanta.

Har yau ina iya jera yadda yini yake tafiya. Da an idar da sallar asuba, maza masu tafiya aiki Abuja su fara ɗiba, su watsa a jiki, su ruga su kama manyan motocin da ke kwasarsu. Sannan mata su shigo da bokitai da tuluna da garwa, a jera su tun daga bakin rijiya har waje. Guga uku ke aiki a lokaci ɗaya. Ƙarar faɗawar guga, da jan igiya, da zubar ruwa a bokiti, da surutu, ba sa raguwa sai rana ta take. Goggo na zaune a kan turmi da carbi, ita ce alƙali. Ta san wadda ta riga zuwa, ta san mai ciki, ta san wadda mijinta ke kwance.

Akwai Maman Rahila, matar wani malamin makaranta daga kudancin Kaduna, da ke haya a lungunmu. Ita ce ta tara 'yan'uwanta Kiristoci ta ce wa Goggo, "Mama, ku masu azumi ku ɗiba da sanyin safe da yamma. Mu da muke shan ruwa mu zo da rana." Haka aka riƙa yi kullum. Da tsakar rana, lokacin da masu azumi suka kwanta kamar an zare musu laka, su ne ke jan guga, kuma ba sa tafiya sai sun cika wa Goggo randunanta biyu, manya, ginin matan Gwari, waɗanda ruwa ke yin sanyi a ciki kamar an sa ƙanƙara.

Da la'asar gida ya sake cika. Ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya yana tasowa daga kowace katanga, ga maƙogwaro ya bushe, ga ruwa na ta zuba a gaban mutum yana sheƙi. Wannan sa'ar ita ce mafi wuya, kuma ita ce ta fi raha. Mai jan ragamar rahar Hanne ce, matar Garba tela, da jaririyarta goye a baya. Ba ta da jiki, amma ba wanda ya kai ta saurin jan guga. Ranar da na leƙo da kakina, ta daka mini tsawa tun daga nesa.

"Duba-gari! Ka rufe mana rijiya, ka kuma zo kallo? Karɓi igiya!"

"Ina bakin aiki, Hanne."

"Wannan ma aikinka ne, kai ka jawo shi. Goggo, ki ce wa ɗanki ya ja mini guga goma, in yafe masa kwaɗon da ya sa mini."

Goggo ta ce, "Ja mata sha biyu, Babana."

Na naɗe hannun riga na ja, mata na ta shewa. Daga ranar duk yammacin da na tashi aiki da wuri, can nake ƙarewa.

Gab da magariba sai kwanuka su fara yawo. Al'adar unguwa ce, kowane gida ya aika wa maƙwabci ɗan abin buɗa baki. Na Goggo kunun gyaɗa ne, kuma a shekarar kwanukan da ke shigo mata sun fi ƙarfin cikinta, har sai ta rarraba. Ban taɓa ganinta cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Takan ce da mijinta na raye ya ga abin da rijiyarsa ta yi.

Wajen tsakiyar wata ruwan ya yi ƙasa, guga na fitowa da laka. Ranar Lahadi, da ba a zuwa aiki, maza suka taru aka yi yasa. Mutum biyu suka shiga da igiya a ƙugu, sauran muna jan laka muna miƙawa hannu da hannu har waje, da azumi a bakinmu, gumi na zuba a ido. Can sai na ƙasa ya yi kira cewa ga wani sabon idon ruwa yana tsattsafowa ta gefen gabas, ta wajen katanga. Aka yi kabbara. Ni ma na yi.

Ruwan farko ya sauka muna shiga goman ƙarshe. Hadari ya haɗu ta gabas bayan la'asar, iska ta kwashe tabarmi da shanya, sannan aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito suka tsaya a cikinsa, manya da yara, baki a rufe saboda azumi, fuska a sama. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Lungu ya zama rafi. Kowa na cewa wahala ta ƙare.

Kwana uku bayan haka aka fara amai da gudawa. Gida ɗaya, gida uku, kafin yamma an daina ƙirgawa. Na taɓa ganin ciwon a makarantar koyon aiki, amma ban taɓa ganinsa a fuskokin da na sani ba. Mutum da safe yana tsaye, da la'asar idanu sun faɗa, fata ta yamutse, murya ta tafi. Aka riƙa kai mutane asibiti a baro da bayan a-kori-kura. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa wasu a baranda, ana rataye ledar ƙarin ruwa a jikin taga. Muna bi gida-gida muna koya wa mutane haɗa ruwan gishiri da sukari, malamai na shelar cewa mara lafiya ya sha, Allah ya ɗauke masa azumi. Yawancinsu sun tashi. Mutum uku ba su tashi ba: wani tsoho mai gadi, da wani lebura da ba mu ma san garinsu ba, da Hanne. Kwana biyu kawai ta yi.

Mista Bitrus ya bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya yana tambayar inda suke shan ruwa. Amsa ɗaya ce. Ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya turo mini gwangwanin ja a kan tebur.

"Malam Sale, ko in aika wani?"

"Ni zan je, oga."

Kafin in je magana ta riga ni. Ana cewa rijiyar tun asali ba ta da kyau, na shafa mata kore ne don gidan goggona ne. Ana cewa tsohuwar ta sani, son a yabe ta ne ya sa ta tara mutane. Ba wanda ya faɗa mata a ido. Abin da aka yi ya fi haka ciwo. Da yamma ta dama kununta kamar kullum ta aika, kwanukan suka dawo a cike, ko murfin ba a ɗaga ba. Daga waje kuma ba abin da ya shigo. Na same ta zaune a gabansu, ta jera su a kan tabarma.

Ta ce, "Babana, ka gaya mini gaskiya. Ka rage takun nan ne saboda ni?"

"Wallahi ban rage ba, Goggo. Ke kika ƙirga."

"To me na ba 'ya'yan mutane suka sha?"

Ta ce ta je gaisuwa gidan Garba, matan da ke zaune suka amsa mata da ka, ba wadda ta matsa mata wuri a tabarma. Ta tsaya kaɗan ta dawo. Mace ce da aka haife ta a unguwar, ta yi wa rabin matan wankan jego, yanzu tana tunanin komawa Izom wurin 'yarta don kada ta riƙa haɗa ido da mutane.

Washegari da safe na zo da katako da kwaɗo. Ina durƙushe a bakin rijiyar ina buga ƙusa, tsakar gidan shiru kamar ba a taɓa tara mutum a ciki ba, sai na ji ana zuba ruwa a bayan katangar gabas, kusa ƙwarai, na kuma ji an buga ƙofar kwano. Iska ta juyo da wani wari. Na jawo turmin Goggo na taka na leƙa.

A sanina, bayan katangar nan gonar rogo ce da itatuwan gwaiba. Can na yi wasa ina yaro, can aka sha kama ni ina sata. Abin da na gani dogon gidan haya ne, ɗakuna a jere fuska da fuska, ƙofarsa na kallon wani lungu dabam. Masansa guda ɗaya, na mutum wajen hamsin, an haƙa shi a manne da katangar Goggo. Ruwan sama ya cika ramin har ya tumbatsa. Na sauko na auna daga rijiya zuwa katanga. Taku shida.

Na daɗe zaune a kan turmin. Ranar da na zo awo ban ko kalli gabas ba. Na ɗauka na san gidan.

A ofis muka binciko fom ɗin gidan hayar. Lungun yana rabon wani abokin aikinmu ne, kuma ya je, ya cika fom ɗinsa tsaf. Masai akwai, rijiya babu, saboda haka ba abin aunawa. Mista Bitrus ya ajiye fom ɗin biyu gefe da gefe, nawa da nasa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ka ga, babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu. Fom ɗin ya tsaya a katanga. Ruwa bai san katanga ba." Ya cire tabarau ya murza ido. "Kuma mu muka rufe sauran, muka tura kowa wuri ɗaya, muka ce wannan ba sai an sake dubawa ba."

Ya rubuta rahoto da hannunsa, shafi uku, ya faɗi komai: fom ɗin, da tankar da ba ta dawo ba, da koren da ya sa ba mu koma ba. Bayan kwana huɗu rahoton ya dawo da jan biro a gefe, aka ce a gyara. Wanda aka karɓa daga ƙarshe sakin layi biyu ne. Ya ce cutar ta samo asali ne daga cunkoson jama'a da rashin tafasa ruwa, da kuma wata rijiya ta gidan wata mata da aka bari kowa na ɗiba ba bisa ƙa'ida ba, kuma an shawo kan lamarin. Ba a kori kowa ba, ba a tuhumi kowa ba. Daga baya na karanta rahotanni irinsa da Turanci da Faransanci a ƙasashen da na zauna. Wani wuri a kafa kwamiti, wani wuri a canja wa ƙaramin ma'aikaci wurin aiki, wani wuri a sake buga fom a shiru. Ban ci karo da wanda aka rubuta a ciki cewa tsarin da muka kawo ne ya gaza ba. Amma a ranar ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne "gidan wata mata".

Na ce wa Mista Bitrus zan je wurin mai unguwa in faɗi abin da na gani.

"Ka san an ce kada kowa ya yi magana da jama'a sai da izini?"

"Na sani."

"Kana da mata da yara biyu."

"Goggo ma ta riƙe ni ba da izinin kowa ba, oga."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba, ya ɗauki hularsa. "To mu je. In za su kora, su kori dogo da gajere."

Ana jajibirin sallah, bayan la'asar, mai unguwa ya tara magidanta. Ban tsaya dogon bayani a zaure ba, na ce su biyo ni. Muka shiga gidan Goggo, tana ɗaki ta saki labule. Aka kawo tsani aka jingina a katangar gabas, dattawa suka riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa, su sauko suna salati. Na yi takun a gabansu, na zuwa masanta da na zuwa katanga. Mista Bitrus ya ɗaga fom ɗin biyu ya bayyana su da Hausa, bai ɓoye komai ba, har ya ce shi ne ya raba mana lungunan.

Garba tela ne ya hau tsanin daga ƙarshe. Ya rame, rigarsa kamar ta aro. Da ya sauko bai kalli kowa ba sai ni.

"Goggo ta san da ramin nan?"

"Ba ta sani ba, Garba. Rabonta da leƙa bayan katangar nan tun ana noma wurin."

"Kai fa?"

"Ban sani ba. Amma aikina ne in sani. Ita abin da na shafa mata ta gaskata, ku ma shi kuka gaskata."

Na zaci zai zage ni, ko ya kai mini hannu, kuma da ya yi ba wanda zai riƙe shi. Ya tsaya yana kallon katakon da na rufe rijiyar da shi. Can ya ce, "Kullum sai Hanne ta dawo tana ba ni labarin gidan nan. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin azumi irin na bana ba." Ya juya ya fita. Mai unguwa ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗaki, ya ce, "Goggo, a yi haƙuri da mu." Sai na ga labulen ya motsa.

Ranar sallah da hantsi, bayan an sauko daga idi, ina gidan na kai mata gaisuwa sai muka ji sallama a zaure. Garba ne, da jaririyar a kafaɗarsa, an sa mata 'yar rigar da ya ɗinka. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Goggo, barka da sallah."

"Barkanmu dai, Garba. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya." Ya gyara wa yarinyar kwanciya. "Goggo, rana ta yi zafi. A taimaka mini da ruwa in sha."

Gidansa na nan taku kaɗan, ba ƙishirwa ce ta kawo shi ba, mu duka mun sani. Goggo ta kalli randunanta, ta kalle ni. Ruwan da ke ciki daga wata unguwa na sa aka kawo mata, mai kyau ne, na kuma gaya mata. Ta miƙe ta ɗauki moɗa, ta kai hannu bakin randa, sai ta fasa. Ta ajiye moɗar. Ta hura wuta, ta ɗora tukunya, ta tsaya a kanta har ruwan ya tafasa ya yi ta tafasa, sannan ta juye a kwanon sha ta ajiye a gabansa yana tururi.

"Da zafi, ɗan nan. Ba ni da wani."

"Ba sauri nake ba, Goggo."

Ya zauna a ƙasa ya jira. Ta karɓi jaririyar ta rungume, tana fifita kwanon da mafici da ɗaya hannun. A waje ana ta kiɗa da hayaniyar yara. Da ruwan ya huce ya ɗauka ya shanye duka, ya ce alhamdulillahi.

Goggo ba ta koma Izom ba. A gidanta ta rasu bayan shekara tara, kuma 'yar Hanne a tsakar gidan ta koyi tafiya. Ni an ba ni takardar gargaɗi, aka mayar da Mista Bitrus wani ƙauye mai nisa, inda ya yi ritaya. Da shekara ta zagayo sabon fom ya zo da ƙarin layi ɗaya a ƙasa, wanda ke tambayar abin da ke bayan katanga ta kowace kusurwa. Ba a ce me ya sa ba.

Mai gidan hayar ya cike raminsa ya haƙa wani a nesa. Aka zuba wa rijiyar magani, aka yashe ta, aka gwada ruwan, na zo da kaina na ce wa Goggo za a iya buɗewa. Ta ce a'a. Bayan damina ta kira leburori suka cike ta da ƙasa da duwatsu, tana tsaye har suka daidaita wurin. Sauran masu rijiya a unguwar suka ga abin da alheri ya jawo mata, kowa ya rufe ƙyaurensa. Masu tura ruwa a kura suka fara shigowa lungunmu a shekarar, ba su kuma fita ba. Tun daga wannan azumin, ruwa a unguwarmu saye ake yi.